Bayan An Kwance Bandeji: Sharhi Kan Ra'in Hoton Jiki a Aikin Jinya

Takardar sallama daga asibiti ba ta da dogon bayani. Ciwo ya haɗe, an cire zare, zazzaɓi ya sauka, a dawo bayan mako biyu. Matar da aka cire wa nono saboda sankara, da saurayin da aka yanke wa ƙafa bayan haɗarin babur, da yarinyar da tafasasshen mai ya ƙona wa wuya, duk irin wannan takardar ake miƙa musu. Babu gurbin da za a rubuta cewa matar ta kwana goma tana wanka idonta a rufe, ko cewa saurayin ya ce a gaya wa abokansa ya yi tafiya. A wurin likitan tiyata aiki ya yi kyau. Nas ce ke ganin sauran labarin, domin ita ke kwance bandeji, ita ce kuma a tsaye gefen gado lokacin da mai jiki ya fara kallon abin da aka bar masa.

Wannan gurbi ne Bob Price, malamin jinya ɗan Birtaniya, ya yi ƙoƙarin cikewa a littafinsa Body Image: Nursing Concepts and Care, wanda ya fito a 1990. Yau sama da shekara talatin ke nan, amma ra'in da ya shimfiɗa yana nan cikin darussan jinya, ana kuma ci gaba da jingina bincike da shi. Hukuncina a kansa shi ne: ya koya wa ma'aikatan jinya su lura da raunin da ba ya zubar da jini, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai ya ajiye raunin gaba ɗaya a cikin majinyaci, alhali rabinsa yana cikin idon masu kallonsa.

Daga ina maganar ta taso?

Likitocin jijiyoyi ne suka fara ta. A 1871 likita Silas Weir Mitchell ya yi rubutu kan sojojin yaƙin basasar Amurka da aka yanke wa hannu ko ƙafa, amma suna ci gaba da jin gaɓar tana nan, tana ƙaiƙayi, tana zogi. Ashe akwai wani jiki a cikin kai wanda wuƙar tiyata ba ta kai gare shi. A 1911 Henry Head da Gordon Holmes a Landan suka bayyana cewa ƙwaƙwalwa na riƙe da taswirar jiki mai sauyawa da kowane motsi, har tana haɗawa da abin da mutum ya sa ko ya riƙe. Sun buga misali da gashin tsuntsun da ke kan hular mace. Duk wanda ya taɓa ganin mai rawani ya sunkuya daidai gwargwado a ƙofar zaure ba tare da ya ɗaga ido ba, ya san abin da suke nufi.

Paul Schilder, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Ostiriya da ya koma Amurka, shi ya faɗaɗa batun a littafinsa na 1935. A wurinsa hoton da mutum ke ɗauke da shi na jikinsa yana da saiwa uku: abin da jijiyoyi ke kawowa, abin da sha'awa da motsin rai ke ƙarawa, da abin da mu'amala da jama'a ke zanawa. Mai karatu ya riƙe saiwa ta uku, za mu dawo kanta.

Fannin jinya ya karɓi maganar da wuri. Tun 1973 ƙungiyar da daga baya aka sani da NANDA, mai tsara jerin matsalolin da nas ke tantancewa, ta sa rikicewar hoton jiki a cikin jerinta. A 1988 Mave Salter ta shirya littafi kan rawar da nas ke takawa idan surar jiki ta sauya. Sunan matsala ya samu, amma babu tsarin da za a bi a fahimce ta a bakin gado. Nan Price ya shigo.

Murhu mai duwatsu uku

Price ya zana ra'insa a matsayin alwatika, amma ya fi sauƙin ganewa idan aka ɗauke shi kamar murhu. Dutse na farko shi ne jiki na zahiri: tsawo, launi, ƙiba, tabo, furfura, yadda jiki yake ko mai shi ya so ko bai so ba. Na biyu jiki na buri: ma'aunin da mutum ke ɗauke da shi a kansa na yadda ya kamata jiki ya kasance da yadda ya kamata ya yi aiki, wanda ya tsinta daga gida da tsara da al'ada. Na uku jiki na fita: yadda mutum ke gabatar da kansa ga jama'a ta sutura da kwalliya da tafiya da zama, har da iya riƙe abin da ke fita daga jiki. Tukunyar da ke kan murhun ita ce gamsuwar mutum da jikinsa. Idan dutse ɗaya ya goce, sai a gyara sauran biyun, in ba haka ba tukunya ta kife. Abu biyu ke taimaka wa wannan gyara: dabarun jurewar mutum, da jama'ar da ke tallafa masa.

A ɗauki magidancin da aka yi wa tiyatar hanji aka fitar da bakin hanjin ta gefen ciki, bayan gida na zuba cikin jakar da aka liƙa masa. Jikinsa na zahiri ya sauya cikin awa uku. Jikinsa na buri kuwa yana nan inda yake tun yana yaro: babba ba ya ɓata kansa. Jiki na fita ya shiga uku, ga tsoron wari, ga tsoron ƙarar iska a cikin taro, ga tunanin yadda zai tuɓe gaban iyalinsa. Nas da ta san murhun Price ba za ta tsaya kan koya masa sauya jaka kawai ba. Za ta tambaye shi irin rigar da ya saba sawa, abin da ya fi jin tsoro, da wanda zai iya gaya wa a gida.

Wannan shi ne ƙarfin littafin. Ya mayar da abin da ake ɗauka shagwaɓa ko rashin godiya ya zama aikin jinya mai suna, wanda ake rubutawa a tsarin kula da majinyaci a kuma bibiye shi. Ya kuma gane cewa batun ya wuce kyau da muni, ya haɗa da iko a kan jiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma nas ce ke wurin ranar wankan. Yadda fuskarta ta kasance lokacin da ta ɗaga auduga daga kan ciwo, ko ta yatsine ko ta ci gaba da hira, shi ne labari na farko da majinyaci ke samu game da yadda duniya za ta karɓe shi.

Murhun da ba ya faɗin abin da zai faru

Matsala ta farko ta masu bincike ce. Ra'i mai amfani yakan yi hasashen da za a iya gwadawa, a ga ya tabbata ko ya faɗi. Murhun Price yana iya bayyana komai bayan ya faru. Idan majinyaci ya farfaɗo, a ce duwatsu sun daidaita. Idan ya shiga ƙunci, a ce sun goce. Da me ake auna gocewar? Wane ne cikin majinyata biyu masu tabo iri ɗaya zai kulle kansa a ɗaki? Littafin ba shi da amsa. Robert Newell, shi ma malamin jinya a Birtaniya, yana cikin waɗanda suka yi wannan suka, suna cewa ra'in ya yaɗu ne saboda sauƙinsa da dacewarsa da hankali, tun kafin a gwada shi.

Akwai kuma abin da bincike ya sha nunawa wanda ke ba murhun wahala. Girman tabo ba ya faɗin girman damuwa. Frances Cooke Macgregor, wadda ta shafe shekaru tana nazarin masu lahanin fuska a Amurka, ta lura cewa mai ɗan ƙaramin lahani yakan sha wahala kamar mai babba, wani lokaci ma fiye, domin mai babban lahani ya san abin da zai tarar a kan titi ya shirya masa, shi kuwa mai ƙarami kullum yana cikin zullumi: an gani ko ba a gani ba? Aikin Nichola Rumsey da abokan aikinta a cibiyar nazarin kamanni da ke Bristol ya ƙarfafa wannan. In da jiki na zahiri dutse ne mai nauyi daidai da sauran, da ba haka sakamakon zai kasance ba.

Newell ya kawo nasa ra'in a 1999, ya faɗaɗa shi a littafinsa na 2000. Ya aro shi daga nazarin ciwo mai daɗewa, inda aka gano cewa wanda ke tsoron motsi saboda zafi yakan daina motsi, rashin motsin kuma ya ƙara masa ciwo. Haka mai tabo: yana tsoron kallon mutane, sai ya ƙi zuwa ɗaurin aure, sai ya ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, sai tsoron ya ƙara ƙarfi domin bai sami damar ganin cewa zai iya jurewa ba. Yau biki, gobe kasuwa, jibi ƙofar gida. Maganin a wurinsa shi ne fuskantar abin tsoron mataki-mataki.

Wani gwaji da Robert Kleck da Angelo Strenta suka wallafa a 1980 a Amurka yana mara masa baya. An zana wa mutane tabon ƙarya a fuska, aka nuna musu a madubi, sannan aka ce za a shafa mai don kada ya tsage, alhali goge shi aka yi ba su sani ba. Suka je suka yi hira da baƙo da fuska lafiya lau, suka dawo suna cewa baƙon ya takura, yana ta kallon tabon. Abin da mutum ke tsammani yana rina abin da yake gani. Ra'in Newell ya fi na Price a nan: yana hasashe, ana iya gwada shi, yana kuma ba nas aikin da za ta yi gobe da safe.

Ciwon wa ne?

Amma duka biyun sun haɗu a wuri ɗaya: majinyaci ne abin gyara. Ɗaya na cewa ya daidaita duwatsunsa, ɗaya na cewa ya rage tsoronsa. To idan tsoron gaskiya ne fa? A 1982 Rumsey da abokan aikinta suka auna tazarar da masu jiran tsallaka titi ke bari tsakaninsu da wani da ke tsaye. Idan an yi masa tabo a fuska sukan ƙara matsawa nesa, sukan kuma zaɓi tsayawa ta gefen da babu tabon. Wannan ba zato ba ne, da ma'auni aka auna. Tun 1963 Erving Goffman ya nuna a littafinsa kan ƙyama cewa aibi yana samuwa ne a tsakanin mai alama da masu fassara alamar. Ga saiwar Schilder ta uku, wadda Price ya rage mata matsayi ta koma jerin masu tallafi kawai, kamar jama'a ba sa cikin masu yin raunin.

Babu wanda ya nuna haɗarin wannan kamar marubuciya Audre Lorde, baƙar fatar Amurka da aka cire wa nono a 1978, ta kuma ba da labarin a The Cancer Journals a 1980. Tana kwance a asibiti wata 'yar sa kai ta kawo mata curin ulu mai launin fatar Turawa ta cusa a rigar mama. Ta ƙi. Da ta koma wurin likita a cire mata zare, nas ta nuna mata cewa zuwa haka ba tare da cikon ba yana karya gwiwar mutanen wurin. Idan aka bi murhun Price, nas ɗin ta yi daidai: jiki na zahiri ya goce, ta gyara jiki na fita. Lorde kuwa ta ga cewa ana ɓoye raunin ne don jin daɗin masu kallo, ana hana ta makokin abin da ta rasa, ana kuma hana mata masu irin ciwon su gane juna. Nonon roba ba laifi ba ne, mata da yawa sun sami natsuwa da shi. Laifin yana ga tsarin da ba ya tambayar don wa ake sa shi.

James Partridge, wanda ya ƙone a haɗarin mota a 1970 yana ɗan shekara 18, ya fahimci cewa aikin hannu biyu ne. Ƙungiyar Changing Faces da ya kafa a 1992 tana koya wa masu tabo yadda za su tari kallo da tambaya, tana kuma matsa wa makarantu da wuraren aiki da masu shirya fim. A 2018, bayan wani gangami nata, Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta ce ba za ta ƙara ba da kuɗi ga fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta ba. Marubutanmu su ma su duba nan. Sau nawa jaruma ke fitowa fara, doguwa, mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya, sannan a ƙarshen labari gobara ko shanyewar ɓarin jiki ta zama sakayyar muguwar kishiya? Majinyaciyar da ke kwance a sashen ƙuna ta karanta waɗannan littattafan ita ma, kuma ta san wadda ake ƙonawa a cikinsu.

Burin wa, ma'aunin wa?

Price ya yarda al'ada na gina jiki na buri, amma misalansa da majinyatansa na Ingila ne, kuma yawancin ma'aunan da masu bincike ke amfani da su daga can da Amurka suka fito. Burin kuwa ba ɗaya ba ne, ba kuma a tsaye yake ba. Rebecca Popenoe ta rubuta a 2004 yadda Larabawan Azawak a Nijar ke ɗura wa 'yan mata madara da kunun gero don su yi ƙiba, domin a can ƙiba ce kyau. A tsibirin Fiji, inda ake son cikar jiki, Anne Becker ta bibiyi 'yan matan makaranta bayan isowar talabijin a 1995. A farko babu wadda ta ce tana jawo amai don ta rame. Zuwa 1998 kusan kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi.

Ma'aunin da Penelope Hopwood da abokan aikinta suka fitar a 2001 don masu sankara yana da tambayoyi 10, gajere ne, ya kuma yi amfani sosai. Yana tambayar ko majinyaci na jin wahalar kallon kansa tsirara, ko yana jin ya rage jan hankali, ko tabon ya dame shi. Ɗalibin jinya a Kano ko Zinder zai iya fassara shi ya raba wa mata ɗari, ya sami lambobi masu kyau, ya rubuta kundin digirinsa. Amma wace dattijuwa ce za ta amsa wa ɗan cikinta tambaya kan tsiraici da sha'awa? Za ta ce alhamdu lillahi, a rubuta mata sifili, a ce ba ta da matsala.

Cututtuka biyu da yankinmu ya sani sun isa su gwada ra'in. Ta farko yoyon fitsari, wanda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina tun shekarun 1980. Mai wannan lalura ba ta da tabon da ido ke gani. Madubi ba zai nuna mata komai ba. Abin da ya raba ta da ɗakin mijinta da gidan biki da kwanon da ake ci tare shi ne wari da jiƙewar zane, da kuma tunanin cewa ba ta da tsarkin da za ta tsaya sallah. Malaman fiƙihu sun daɗe da yi wa mai irin wannan lalura rangwame a hukuncin alwala, kuma nas da ta san haka, ko ta haɗa ta da wanda ya sani, ta mayar mata da wani ɓangare na jikinta tun kafin tiyata. Price ya cancanci yabo da ya sa riƙe fitsari cikin jiki na fita, amma tsarki ba fita gaban jama'a ba ne, tsakanin mutum ne da Ubangijinsa, kuma murhun ba shi da dutsen da zai ɗauke shi.

Ta biyu cutar da likitoci ke kira noma, wadda ke farawa daga dasashi ta ci naman kunci da leɓe, galibi a yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa. Sakkwato na da asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ra'in Price ya ginu ne kan jiya da yau: akwai jikin da aka sani, sai ya sauya. Yaron da cutar ta kama yana shekara uku bai san wata fuska kafin wannan ba. Hoton jikinsa ya samo shi ne daga yaran da suka guje shi da mayafin da uwarsa ke rufa masa idan baƙi sun zo. A wurinsa ranar da aka gyara fuskar ce ranar sauyi, kuma a ranar ce yake buƙatar wanda zai zauna da shi gaban madubi.

Abin ɗauka da abin bari

Littafin Price ya cancanci a ci gaba da karanta shi, a matsayin jerin tambayoyin da nas za ta tuna a bakin gado. Kuskure ne a ɗauke shi bayanin da aka tabbatar na yadda zuciya ke aiki, kuma kuskure ne mafi girma a kwafe ma'aunan da aka gina don wasu mutane a ce an yi bincike. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Binciken da zai amfane mu zai fara ne da zama da majinyata, mace ta tambayi mace, a ji kalmomin da su da kansu ke amfani da su: kunya, tsarki, cikar mutum, abin nunawa, bakin mutane. Daga nan a gina ma'auni.

A ɗakin jinya kuwa akwai abubuwan da ba sa buƙatar kasafin kuɗi. A gaya wa majinyaci abin da zai gani kafin ya gani. A tambaye shi ko yana son kallo yau ko sai gobe, shi kaɗai ko tare da wani. A ja labule. Wyona Freysteinson, malamar jinya a jihar Texas, ta gina bincikenta kan wannan lokaci na kallon madubi na farko bayan cire nono ko yanke gaɓa, tana kira da a ɗauke shi aikin jinya da ake shirya masa, kada a bar mutum ya ci karo da kansa a gilashin banɗaki. Sannan kafin sallama a kira miji ko mata ko uwa a zauna da su, domin su ne za su kalli wannan jiki kowace safiya, kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya musu inda za su sa idonsu ko abin da za su ce.